Idan gawa za ta kwana: firji ko allura?

Mai karatu, a wajenmu Musulmi gawa ba ta jira: a yi wanka, a sa likkafani, a sallata, a kai makwanci. To amma a unguwa irin Fadikpe da ke Minna, inda Musulmi da Kirista ke zaune katanga ɗaya, wata rana maƙwabcinka zai rasu a ce sai 'ya'yansa sun iso daga Legas, ko ɗan'uwanka ya cika da dare a ce Kano za a kai shi. Nan ne ma'aikacin mutuware zai tambaye ka: a yi masa allura?

Kada ka yi saurin amsawa. In kwana ɗaya ko biyu ne, firji mai sanyin maki 2 zuwa 4 ya wadatar, malamai da dama ma ba sa son allurar sai da larura. Sai dai ka tabbatar akwai janareto, domin zaman Shiroro da Kainji a jihar bai hana ɗauke wuta ba, zafin watan Maris kuwa ba ya raga wa gawa.

In allurar ta zama dole, ga yadda ƙwararre ke yi: zai buɗe babbar jijiyar jini a wuya ko a cinya, ya tura ruwan fomalin da aka sirka bisa ƙa'ida har ya zagaye jiki, jini ya fita ta wata jijiyar, ya kula da cikin ciki, sannan ya ɗinke. Wanda ya tsattsaka sirinji nan da can ko ya kwara fomalin a kan fata, kuɗinku kawai ya ci. Fata za ta sandare, ciki ya ci gaba da lalacewa.

Fomalin ba abin wasa ba ne. A 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a sahun masu haddasa kansa. Mai wankan irin wannan gawa ya sa safar hannu da takunkumi, a buɗe tagogi, mai ciki da mai asma su tsaya waje.

Kada a yi allura kafin likita ya ba da takardar shaidar mutuwa, musamman in ana zargin guba, don fomalin na ɓata gwaji. In kuwa zazzaɓin Lassa ake zargi, babu allura, babu wanka a gida. Jami'an lafiya za a kira su jagoranci suturar.