Harshen da Ake Ajiyewa a Ƙofar Birni

Fim ɗin La teta asustada yana buɗewa ne da muryar wata tsohuwa a kan gadon ajali, tana rera waƙa da harshen Kechuwa, tana ba da labarin fyaɗen da aka yi mata a zamanin yaƙi, lokacin tana da juna biyu. Kafin a yi nisa ta cika. 'Yarta Fausta, wadda ke zaune da dangi a wata unguwar talakawa a gefen Lima, babban birnin ƙasar Peru, ta ɗauki alwashin mayar da gawar ƙauyensu a tsaunukan Andes. Ba ta da kuɗin mota, sai ta kama aikatau a gidan wata attajira makaɗiyar fiyano, wadda ta riƙa sayen waƙoƙinta da ƙwayar lu'ulu'u ɗaya-ɗaya, ta kai su dandali a matsayin nata, sannan ta sauke yarinyar a bakin titi cikin dare. Fim ɗin Claudia Llosa ke nan, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 2009, ya kuma shiga takarar Oscar a shekarar da ta biyo.

Fim ne mai kyau, ba a ja. Magaly Solier, 'yar garin Huanta da ta fito a matsayin Fausta, ta yi wasan da ba ya fita daga rai. Sai dai a dubi yadda aka yi rabon harsuna a cikinsa. Dangin Fausta, waɗanda su ma daga tsaunin suka gangaro, sana'arsu shirya bukukuwan aure. Suna raha, suna ciniki, suna neman na kansu, kuma kusan duk da Sifaniyanci. Kechuwa an bar wa gawa, da tsoro, da waƙar da ake yi ƙasa-ƙasa don lallashin zuciya, sai 'yar hira da wani mai kula da lambu. Mai kallo zai tashi da darasin da ba a furta ba: wanda yake son ya rayu a birni ya ajiye harshen uwarsa a tasha.

Da a ce fim guda ne, da an ce zaɓin mai shi ne. Amma a duba Utama na Alejandro Loayza Grisi, ɗan Bolibiya, wanda ya ci babbar kyautar fina-finan ƙasashen waje a bikin Sundance na 2022. Tsoho da tsohuwa suna kiwon dabbobin lama a busasshen tudu, fari ya ƙone ƙasa, jikansu ya zo daga birni da waya a hannu, ba ya jin Kechuwa, yana roƙon su bi shi. Tsohon ya gwammace ya mutu a inda aka binne cibiyarsa. Hotunan suna da ban sha'awa, kuma farin da suke nunawa gaskiya ne. Rabon dai bai sauya ba: tsufa da ciwo da ƙaiƙasasshiyar ƙasa suna magana da Kechuwa, ƙuruciya da gobe suna magana da Sifaniyanci.

Wannan hoto bai dace da ƙidaya ba. Ƙidayar jama'ar Peru ta 2017 ta nuna mutum kusan miliyan 4 ne suka tashi da Kechuwa a matsayin harshen farko, kuma sama da 700,000 daga cikinsu a Lima suke zaune, adadin da ya zarce na yankin Cusco, tsohuwar cibiyar daular Inka. Wato babu wani gari a duniya da ya tara masu wannan harshe kamar birnin da fina-finai ke nunawa a matsayin maƙabartarsa. A 1940 mazauna Lima ba su kai miliyan ɗaya ba. Yau sun kai wajen miliyan 10, kuma kaso mai yawa na ƙarin daga tsaunuka ya zo. Wasu neman abinci ya kawo su. Wasu gudun tsira ne, a yaƙin da aka gwabza tsakanin 'yan tawayen Sendero Luminoso da sojojin gwamnati daga 1980 zuwa 2000, wanda hukumar binciken gaskiya ta ƙiyasta a rahotonta na 2003 cewa ya ci rayuka wajen 69,000, uku cikin huɗu masu Kechuwa ne ko wani harshen 'yan asali. Waɗannan mutane su suka kafa unguwanni a kan rairayi, irin su Villa El Salvador a 1971, da tabarma da kara kafin bulo. Su suka raya Gamarra, kasuwar tufafi mafi girma a ƙasar. Mutanen da suka gina rabin birni da hannunsu ba kurame ba ne, kuma ba da kuka kaɗai suka yi aikin ba.

Masu kare waɗannan fina-finai za su ce ai harshen yana ja da baya da gaske, 'ya'yan baƙi ba sa koyon sa, mai fim kuwa abin da ya gani yake nunawa. Rabin gaskiya ne. Harshen yana ja da baya, amma ba kamar yadda damina ke wucewa ba. Akwai masu tura shi. Uwar da ta ƙi koya wa ɗanta Kechuwa ta yi hakan ne domin ta san dariyar da ake yi wa karin harshenta a asibiti da kotu da makaranta, kuma ba ta son ɗanta ya ɗanɗana. An amince da Kechuwa a matsayin harshen hukuma tun 1975, a mulkin Janar Velasco, amma sai a Disamba 2016 gidan talabijin na ƙasa ya fara labarai da shi, a shirin Ñuqanchik. A 2021 firaminista Guido Bellido ya buɗe jawabinsa ga majalisa da Kechuwa, aka yi ta hayaniya, shugabar majalisar ta nemi ya fassara. Fim ɗin da ya nuna mutuwar harshe ya ɓoye hannun da ke shaƙe shi ya mayar da zalunci ƙaddara, kuma ƙaddara ba a kai ta ƙara.

Abin takaici shi ne an taɓa yin wanda ya fi haka. A 1969 Jorge Sanjinés ya fitar da Yawar Mallku a Bolibiya. 'Yan sanda sun harbi Ignacio, shugaban wani ƙauye, matarsa ta kawo shi La Paz ba ta jin Sifaniyanci, ɗan'uwansa Sixto, ma'aikacin masana'anta da ya daɗe yana musun asalinsa, ya zaga birni yana neman kuɗin jinin da za a ƙara masa. Bai samu ba. A nan birni yana da fuska da suna: likitan da ke wurin walima, asibitin da ke neman kuɗi kafin jini, baƙin Amurkawa da ke yi wa matan ƙauye aikin hana haihuwa ba da saninsu ba. Shekara biyu bayan fitowarsa gwamnatin Bolibiya ta kori ƙungiyar Peace Corps daga ƙasar. Kuma da Sanjinés ya lura mutanen ƙauye ba sa jin daɗin yadda labarin ke kai-komo tsakanin da da yanzu, sai ya sauya salonsa a fina-finan da suka biyo. Su yake yi wa fim, don haka ra'ayinsu ya yi nauyi.

Nan ne gizo ke saƙar. La teta asustada haɗin gwiwa ne da Sifaniya, Utama kuma da Uruguwai da Faransa. Babu laifi a neman jari, amma kowa ya san wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ake yi wa rawa. Alƙalin biki a Turai yana son tsauni, da shiru, da fuskar tsohuwa mai tamoji. 'Yar kasuwar da ke zagin direban bas da Kechuwa, ko saurayin da ke zance da shi a waya, ba su yi masa kama da "ɗan asali" ba, don haka ba sa samun jari.

Masu harshen kuwa sun nuna abin da suke so. Willaq Pirqa na César Galindo, wanda ya fito a Disamba 2022, labarin wani yaro ne da ya gano majigi, mutanen ƙauyensu suka riƙa aikensa ya kallo ya dawo ya ba su labari da harshensu. Fim ne mai ban dariya, babu gawa a tsakiyarsa, kuma ya yi watanni a gidajen kallo na Peru ba da wani babban talla ba, sai baki da baki. A fagen waƙa ma matasa sun riga masu fim: Renata Flores ta Ayacucho tana gambarar zamani da Kechuwa, Lenin Tamayo yana haɗa shi da salon waƙoƙin Koriya daga cikin Lima. Amma har Willaq Pirqa a ƙauye ya tsaya. Gundumar San Juan de Lurigancho da ke gabashin Lima, mai mutum sama da miliyan ɗaya, ta fi kowace gunduma a Peru yawan masu Kechuwa, kuma daga tsakiyar birni jirgin ƙasa na lantarki yana kai mai kyamara can cikin ƙasa da awa guda.