Kare a kotu? Ku dakata da dariyar tukuna

Kwanakin baya muna zaune a fada ana shan shayi, wani cikinmu ya nuna hoton wani baƙin kare kwance a cikin kotu a Faransa, wai shi ma ma'aikacin shari'a ne. Kowa ya ƙyalƙyale da dariya. Wani ya ce Nasara sun ƙoshi, shi ya sa har kare suka ba aiki. Ni ma na dara, amma da na koma gida na bibiyi labarin sai dariyar ta tsaya mini a wuya.

Sunan karen LOL. A shekarar 2019 ya fara aiki a kotun garin Cahors, kuma mai gabatar da ƙara na garin a lokacin, Frédéric Almendros, shi ya tsaya kai da fata aka kawo shi. Aikinsa ɗaya ne: in waɗanda aka ci zarafinsu, kamar yarinya ko yaro da aka yi wa fyaɗe, za su ba da bahasi, ya kwanta kusa da su, su riƙa shafa shi suna magana. A 2023 ma'aikatar shari'a ta Faransa ta sa hannu kan yarjejeniyar faɗaɗa tsarin zuwa sauran kotunan ƙasar. A Amurka abin ya fara, wajen Seattle, tun farkon shekarun 2000. A 2011 a jihar New York, wata karya mai suna Rosie ta zauna kusa da yarinya ƴar shekara 15 tana ba da shaida a kan mahaifinta. Lauyoyinsa sun ɗaukaka ƙara, suka ce karyar ta sa masu yanke hukunci tausayi, amma a 2013 kotun sama ta tabbatar da hukuncin.

Me ya sa abin ke aiki? Wadda aka ci zarafinta, in aka ce ta maimaita labarin, jikinta ne ke komawa wannan ranar. Zuciya ta yi ta bugawa, baki ya bushe, magana ta sarƙe, ta rikita ranaku da wurare. Sai mai sauraro ya ce ƙarya take. Shafa dabba mai natsuwa na saukar da bugun zuciya, kuma kare ba ya tambayar "me kika je yi can da dare?", ba ya duban kayan da ta sa, ba ya kai labari unguwa.

To, kada a ce mun zo neman a kai kare kotun Damagaram. A nan kare na mahalba ne da masu gadi, yara jifarsa suke yi, kuma yarinyar Birni ko Garin Malam in ta ga kare a ɗakin alƙali tsoronta ƙaruwa zai yi. (Ko da yake a mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma wannan mu bar wa malamai.) Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, su can sun yarda cewa tsoro na hana gaskiya fita, har suka kashe kuɗi don maganinsa. Mu fa, wa muka tanada ya zauna kusa da ita?

Na taɓa raka wata ƙanwata ta unguwa, ba zan faɗi wurin ba. A yini biyu ta ba da labarinta sau biyar, ga mutum biyar, huɗu cikinsu maza. Sau ɗaya ƙofa a buɗe take, mutane na wucewa suna leƙe. A karo na biyar ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, ta ce ta manta. Ba ta manta ba. Kafin mako ya zagayo dattawa sun shiga tsakani, aka ce a rufa asiri, Allah ya riga ya ƙaddara, aka kawo ƴan kuɗi aka ce na magani ne. Shi yana nan yana yawonsa a kan babur. Ita aka kai ƙauye wajen kaka, ta bar lakwal.

Ba doka muka rasa ba. Kundin hukunta laifuka na Nijar ya ce fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne, in kuwa yaron bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Tun 2011 aka kafa ANAJJ don talaka ya samu taimakon shari'a. Zinder na da babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara, kuma tana cikin jihohi huɗu da shirin Spotlight ya yi aiki a cikinsu tun 2019, tare da Maraɗi da Tahoua da Tillaberi. Amma doka ba ta aiki sai an yi magana, kuma hanyar da ke tsakanin ƙofar gida da gaban alƙali ita ce ke cinye maganar. Wanda ya kalli fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya ga yadda tsohon ɗan fale ke iya faɗin abin da ya aikata ga mata a gaban kamara. Mu tambayi kanmu, matan nawa ne suka taɓa samun wurin da za su faɗi nasu ɓangaren?

Abin da muke nema ba shi da tsadar horar da kare. Mace ɗaya horarriya, wadda za ta tarbi yarinya tun daga komisariya ko jandarmeri, ta bi ta likita, ta bi ta kotu, fuska ɗaya daga farko har ƙarshe. Ɗaki mai ƙofa da ake rufewa. A ɗauki bahasi sau ɗaya da kyau, a daina sa ta maimaitawa kamar karatun allo. Takardar likita ta zama kyauta ga duk wadda aka yi wa fyaɗe, don uwa da yawa a nan take juyawa gida. A Kano akwai cibiyar Waraka da ke haɗa magani da shawara da taimakon shari'a wuri ɗaya, ga ta nan kusa, ba sai mun je Faransa koyo ba. Kuma muna roƙon masu unguwanni da fadar Sarkin Damagaram su fito fili su ce fyaɗe ba ya cikin abin da ake sasantawa a zaure.

Kafin hukuma ta motsa, akwai namu. Ɗalibai na jami'ar André Salifou, musamman ku ƴan mata masu karatun halayyar ɗan Adam da zamantakewa, wannan rakiyar ku za ku iya fara ta. Kai kuma da ƙanwarka ko maƙwabciyarka ta zo maka da maganar, kada ka fara da tambayoyi, kada ka ɗauki adda. Ka ce mata ka yarda da ita. Kada ta wanke kayan da ke jikinta, a adana su. A kai ta likita cikin awa 72, don a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. Sannan in ta shiga ba da bahasi, a samu wadda ta amince da ita ta zauna gefenta, ko da ba za ta ce uffan ba.