Hukuncin Kisa: Tsadarsa da Amfaninsa

Masu goyon bayan hukuncin kisa suna cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma tarihi bai gaskata su ba. A 1970 gwamnatin sojan Najeriya ta kafa dokar harbe ƴan fashi da makami. A 1971 aka harbe Ishola Oyenusi bakin teku a Legas, gaban ɗimbin jama'a. Duk da haka fashi bai kau ba, har aka kai ga harbe Lawrence Anini a 1987. Dalili kuwa, ɓarawo ba ya auna girman horo in ya tabbata ba a kama shi.

Wajen tsada, wani bincike na 2011 ya nuna jihar Kalifoniya ta Amurka ta ɓatar da dala miliyar 4 tun daga 1978, alhali mutum 13 kaɗai aka kashe. Doguwar shari'a, da ɗaukaka ƙara, da tsaron fursunoni suka cinye kuɗin.

A Nijar, rabon da a zartar da wannan hukunci tun 1976. Mahukunta dai su tuna: in alƙali ya yi kure, ana buɗe ƙofar gidan kaso, amma ba a buɗe kabari.