A Ja Labule, A Ba Su Wuri

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin mata masu ciwon daji ya san yadda maigida ke zuwa dubiya: ya tsaya daga ƙafar gado, surukarsa na kan tabarma, ƙannen matar sun kewaye kwanukan abinci, ya ce "Sannu, ya jikin?", ya ajiye kuɗin magani ya fita, alhali kuwa wadda ke kwance ɗin, da aka yanke wa mama, gashinta ya zube, likita kuma ya riga ya shaida wa dangi cewa sai dai addu'a, ta shekara ashirin suna kwana ɗaki ɗaya da shi.

Kunya muke kiran wannan, kunya kuwa ado ce, ban musa ba. Amma malamanmu na fikihu, waɗanda ba za mu fi su kunya ba, sun karantar da babin janaba da haƙƙoƙin aure a zaure ba tare da inda-inda ba, kuma a mazhabar Malikiyya miji da mata su ne mafi cancanta da yi wa juna wankan gawa. Asma'u bint Umais ce ta wanke Sayyidina Abubakar. Manzon Allah (SAW) kansa a ɗakin Nana A'isha ya yi jinyar ajali, yana jingine da ƙirjinta ya cika. To, in Shari'a ta yarje wa hannun miji ya taɓa matarsa bayan rai ya fita, da wace hujja za mu nisanta shi da ita tun tana numfashi?

A nan nake ganin aikin ma'aikaciyar jinya, domin ita ke sauya bandeji, ita ke ganin hawayen tsakar dare. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta kuma buɗe gidan jinyar St Christopher a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin mai jinyar ajali ya haɗa jiki da zuciya da ruhi da zamantakewa; kewar miji ko mata kuwa tana cikin wannan zafi, ko da allura ba ta kai gare ta.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Nas ta keɓe da mai jinya ta tambaye ta, cikin sakaya irin tamu, yaya zamansu da maigida tun da ciwon ya zo. Ta fahimtar da mijin cewa sankara ba a ɗaukarta ta runguma ko kwanciya, don da yawa tsoron nan ne ke hana su matsowa. Ta daidaita lokacin maganin zafi da lokacin zuwansa. Sau da yawa ma saduwa ta riga ta fi ƙarfin jikin, abin da ya rage shi ne riƙon hannu, da shafa man zafi a baya, da neman gafarar juna, wanda ba ya yiwuwa a gaban suruka. Sai nas ta dubi tsohuwar ta ce, "Hajiya, ku ɗan sha iska a waje, za mu yi gyara," sa'an nan ta ja labule, ita ma ta bi bayansu.