Kuɗin intanet na jiha: wa zai kai shi ƙauye?



A shekarar 2024 wata yarinya cikin mawaƙan majami'armu ta dawo daga jarrabawar JAMB tana kuka. Yarinya ce mai ƙoƙari, ni da kaina na sha ganin takardun sakamakonta. Amma ran jarrabawar ce rana ta farko da ta taɓa zama gaban kwamfuta, kafin ta gane yadda ake wucewa daga wannan tambaya zuwa waccan lokaci ya yi nisa. Mahaifinta kuwa masara ya sayar ya biya kuɗin rajista da na mota. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawa da takarda da fensir, daga 2021 kuma ba a yin rajista sai da lambar NIN. Shekara goma ke nan da ɗoriya, har yanzu muna tura 'ya'yanmu gona ba fartanya.

Shi ya sa duk lokacin da na ji a rediyo cewa wata gwamnatin jiha ta ware kuɗi domin faɗaɗa intanet mai sauri da koyar da jama'a kwamfuta, nakan kasa kunne. Ina goyon bayan a kashe wannan kuɗi. Damuwata ita ce inda yakan tsaya.

Bari in ɗauki jihar Kaduna misali, gama ta yi abin yabo. Kamfanin da zai binne igiyar intanet a gefen hanya yakan biya jiha kuɗin izini a kan kowace mita. Tun 2013 aka amince a matakin ƙasa cewa kuɗin ya zama naira 145, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti, kafin ta rage a 2020, naira 4,500 take karɓa, wato naira miliyan huɗu da rabi a kilomita ɗaya tun ba a sa diga a ƙasa ba. A wannan shekara ta 2020 Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya.

To, amma yafe kuɗin izini bai isa ya kai ɗan kasuwa ƙauyenmu ba. Shi lissafi yake yi. Ƙarfen sabis yana shan man dizal dare da rana inda babu wutar lantarki, yana bukatar mai gadi, yana bukatar hanyar da motar gyara za ta bi da damina. In ya duba garin gida ɗari biyu, yawancinsu katin naira ɗari suke sa wa waya, sai ya juya ya ƙara igiya a cikin birni inda akwai ciniki. Ban ga laifinsa ba. Daidai nan ne aikin kuɗin gwamnati ya fara, wato wurin da riba ba za ta kai kowa ba. Dokar sadarwa ta 2003 ma ta san da haka, shi ya sa ta kafa asusun USPF domin irin waɗannan wurare. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kashi 70 cikin ɗari, shekarar ta ƙare ana wajen rabi, kuma ba sai an gaya mana a wane rabin muke ba.

Batun koyarwa ya fi ci mini rai. Mun saba ganin taron kwana uku a otel, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Na taɓa shiga wata makarantar sakandare aka nuna mini ɗaki cike da kwamfutoci a lulluɓe da leda, ƙura ta rufe su, domin ba wuta, ba kuma malami. Da an rage yawan na'urorin an sa sola, an kuma biya malami ɗaya albashin shekara, da yara sun amfana. A kuma koyar da Hausa da sauran harsunanmu. Uwar da ke sayar da hatsi tana bukatar ta san yadda za ta tabbatar kuɗi sun shiga kafin ta auna, ta kuma san ba a ba kowa lambar sirri ko da ya ce daga banki yake. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san wannan ba ƙawa ba ne.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, gama sun faɗa mini a fuska: wannan abu yana lalata yara, ga caca, ga hotunan banza, ga 'yan damfara. Gaskiya ne, na yi zaman sulhu a kan yaron da ya cinye kuɗin makaranta a cacar ƙwallo. Sai dai wayar ta riga ta shiga aljihunsu ba da izininmu ba, suna hawa tudu suna neman sabis. Abin da ya rage bai iso ba shi ne babban da zai zauna da su ya nuna musu amfaninta.

Saboda haka ina roƙon dattawan kowace ikkilisiya su ɗauki biro. A rubuta sunayen ƙauyukan da ba sabis, da yawan ɗalibai 'yan ajin ƙarshe na sakandare, da nisan cibiyar jarrabawa mafi kusa, da kuɗin motar zuwa can. A nemi mai unguwa da limamin gari su sa hannu tare da mu, gama ƙarfen sabis ɗaya ne zai yi wa kowa aiki, takarda mai hannun gari duka kuma ta fi wuyar jefarwa a kwando. A kai wa kansila da ɗan majalisar jiha tun kafin gwamna ya gabatar da kasafin kuɗi, lokacin da ake iya ƙara abu a ciki.

Mu ma muna da abin bayarwa. Yawancin majami'unmu suna da ɗakin makarantar Lahadi da ke kulle daga Litinin zuwa Asabar. In jiha za ta kawo sola da malami, mu ba da ɗaki da benci, a buɗe wa kowane yaro na garin ba tambayar addini. Namu dattawan sun riga sun yarda da haka. Sauran ikkilisiyoyi, a zo da lissafin a rubuce zuwa taron gunduma mai zuwa domin mu haɗa shi takarda ɗaya.