Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Ranar 17 ga watan Maris na shekarar 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallakar fasaha, wadda ta maye gurbin dokar soja mai lamba 47 ta 1988. An yi ta tafi da guɗa, wai marubuci da mawaƙi sun sami gata. Mu kuwa cewa muka yi a saurara tukuna, domin ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba ma musun cewa dokar tana da kyau a takarda. Da zarar mutum ya rubuta littafinsa ko ya ɗauki waƙarsa a faifai, haƙƙinsa ya tabbata, ko bai yi rajista ba. Wannan haƙƙi yana nan muddin ransa, sannan magadansa su ci moriyarsa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Sabon abin da ta zo da shi kuma shi ne batun intanet. Wanda ya ga an ɗora aikinsa a wani shafi ba da izninsa ba, yana iya rubuta wa masu shafin takardar ƙorafi, su kuma wajibi ne su sauke shi. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ma an ba ta ikon toshe duk shafin da ta gamsu cewa kayan sata yake rabawa.

To, amma wa aka yi wa dokar? Mu dubi marubuciyar da ke zaune a Kano ko Gusau ko Agege, wadda ta raba dare wata shida tana rubuta labari. Ta sayar wa mutum ɗari ta waya, kafin gari ya waye labarin ya zagaye zaurukan WhatsApp kyauta. Bayan mako guda sai ta ji wani ƙato yana karanta shi a YouTube, ya yanka shi kashi-kashi, ana saka talla a tsakani, kuɗin tallar kuma aljihunsa suke faɗawa. Akwai masu karatun da ke neman izni su biya, muna kuma yaba musu, amma ba su ne ke cika kasuwar ba. Dokar ta ce wannan baiwar Allah ta rubuta ƙorafi. Da wane harshe? Dokar da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, kamfanin kuma yana Amurka. In ma ta yi sa'a an sauke na YouTube, wa za ta rubuta wa game da abin da ke yawo daga waya zuwa waya, ko wanda ake tura wa mutane a 'yan shagunan cajin waya a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba?

Wani zai ce ai gwamnati ba ta da ƙarfin bin kowane lungu na intanet. Wannan magana ba ta shiga kunnenmu, domin mun ga ƙarfinta da idonmu. A watan Yuni na 2021, da kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaban ƙasa, kwana nawa aka ɗauka kafin a rufe shi a Nijeriya baki ɗaya? Wata bakwai cur yana rufe, sai a Janairun 2022 aka buɗe, daga baya kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Haka nan sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya zama sandar da aka yi ta dukan 'yan jarida da ita, har sai da aka yi masa gyara a 2024. Ashe in an taɓa mai mulki, hannun hukuma dogo ne. In an taɓa tukunyar marubuci sai ya gajarce.

Marubucin Hausa ya daɗe da sanin wannan hali. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka ɗauki nauyin adabin nan a wuyansu, suka sa mata da matasa karatun boko da harshensu. Ladan da masu irin wannan aiki suka samu daga hukuma shi ne tacewa. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a Kano a 2001, a 2007 kuma aka tara littattafan hikaya aka cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Ba mu ce kada a kula da tarbiyya ba. Tambayarmu ita ce, wanda ya iya karanta littafi shafi-shafi don neman abin da zai hana, me ya sa bai iya ganin ɓarawon da ya kwashe littafin ɗungurungum ba? Cin guminsa wani ba ɓata tarbiyya ba ne?

Akwai kuma wata gurguwar fahimta da ta yi katutu, har a tsakanin masu ilimi, wai waƙar gargajiya ba ta da mai ita. Gaskiya ne dokar ta ware tatsuniya da karin magana da waƙoƙin da ba a san mafarinsu ba, ta damƙa kula da su ga hukuma. Amma waƙar Mamman Shata ba tatsuniya ba ce. An san wanda ya yi ta, an san ya rasu a 1999, lissafin doka kuwa ya nuna haƙƙin waƙoƙinsa na nan har ƙarshen 2069. Na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sai 2085. Duk mai ɗora muryoyin waɗannan bayin Allah a intanet yana karɓar kuɗin talla, ya kamata a tambaye shi wa ya ba shi izni, kuma nawa ya kai wa magada.

Saboda haka muna kira ga hukumar kare haƙƙin mallaka da ta fassara dokar nan zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta ta a gidajen rediyo, a kuma buɗe hanyar da marubuci zai kai kuka da harshensa, hukuma ta bi masa kadi har wurin kamfanonin ƙetare. Ikon toshe shafi da aka ba ta, ta gwada shi a kan shafukan da ke raba littattafai da fina-finan Hausa na sata, ta kuma bayyana sunayensu. Ƙungiyoyin marubuta su ma su bar jiran tsammani, su ɗauki lauya ɗaya da zai tsaya wa 'ya'yansu, su fara da shigar da ƙara guda a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita doka ta ba hurumin sauraren irin wannan shari'a.