Zogale da zoɓo: Abin da mai jinyar kansa ya kamata ya sani

A ƙauyukan Shanono, kamar sauran yankunan arewacin Kano, da wuya a rasa bishiyar zogale a bayan gida ko yakuwa a gefen gona. Shi ya sa labarin da ke yawo a wayoyi, cewa sinadaran ganyaye na kare garkuwar jikin mai karɓar allurar kansa, ya samu shiga da wuri. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma yadda ake tallata ta na iya jawo asarar rai.

Allurar kansa, wadda ake kira kemo, tana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. A nan take haɗawa da ɓargo, inda ake samar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura ne waɗannan ƙwayoyi ke yin ƙasa sosai, har ƙaramar cuta ta iya kayar da mutum.

Sinadaran da ake magana a kansu su ne filabonoyid. Su ne ke bai wa zoɓo jan launinsa, akwai su kuma a zogale da albasa da lemo da ganyen shayi. Gwaje-gwajen da suka nuna suna farfaɗo da garkuwa bayan kemo, galibinsu a kan ɓeraye aka yi su, da tataccen sinadari mai awo. Ɓera ba mutum ba ne, kuma kofin jiƙo ba shi da awo.

Akwai ma hujjojin da ke kiran a yi hattara. A 2009, masu bincike a Amurka sun gano cewa wani filabonoyid na koren shayi yana toshe aikin bortezomib, maganin wata kansar ɓargo. A 2019 kuma, wani nazari kan masu kansar mama ya nuna alamar cewa waɗanda suka riƙa shan ƙwayoyin ƙarin sinadarai irin su bitamin A, C da E lokacin kemo sun fi fuskantar dawowar cutar. Ganye na da ƙarfi: vincristine, wanda ake bai wa yara masu kansar jini, daga wani fure na Madagaska aka samo shi. Abin da ke iya warkarwa yana iya ɓata aikin wani maganin.

Ga iyalin da suka sayar da hatsi ko dabba don kai mara lafiya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Zogale a miya abinci ne mai amfani, haka zoɓon da aka dafa da ruwa mai tsafta. Garin ganye cokali-cokali, da haɗin kwalba da ba a san abin da ke ciki ba, su ne abin gudu. Duk abin da mara lafiya ke sha a gida, a faɗa wa likita. Idan zazzaɓi ya kai digiri 38 bayan allura, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai allurar filgrastim da aka tabbatar tana ɗaga fararen ƙwayoyin jini.

Likitoci su ma su riƙa tambaya ba tare da tsawa ba, domin wanda aka kunyata ɓoyewa zai yi. Hukumar NAFDAC ta sa ido kan masu tallar maganin kansa a rediyo da kasuwannin ƙauye. Gwamnatin Kano ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Shanono da Bagwai su gane cewa zazzaɓin mai kemo ba na jira ba ne. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello kuma su samu kuɗin gwada waɗannan ganyaye a kan mutane, bisa ƙa'ida, don a san wanda ke taimako da wanda ke cutarwa.